Usman, Ka Yaga Jadawalin Nan Kafin Ku Isa Osaka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinka Malam Isa, Harra ta Yamma, Madina, zuwa ga ɗana Usman a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya lau, kai da abokan aikinka. Allah Ya tsare mini kai a zaune da a tafe. Ummanka tana gaishe ka. Ga ta nan gabana tana tsintar shinkafa, ta ce in gaya maka duk wata magana mai hankali da ka gani a takardar nan tata ce, sauran shirmen kuma nawa. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san da Larabci za ka amsa kamar yadda ka saba, amma ni faɗa ba ya yi mini daɗi a baki sai da harshen uwata.

Takardarka ta iso ranar Litinin. Na ji kamfaninku na kayan gyaran mota zai tura ka taro birnin Osaka na ƙasar Japan cikin hunturun nan, ka roƙi hutun kwana huɗu a kai, kuma Safiya ta yarda za ta bi ka. Wallahi na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Wata biyu ke nan matarka tana gidan ubanta a Bani Harisa nan Madina, ni da surukina muna haɗuwa a Harami muna gaisawa, kowa yana kallon tabarma. Bari in gaya maka abin da ƙila ba a gaya maka ba. Safiya ta ce wa Ummanka za ta je, amma sai jirgi ya dawo da ku Jidda za ta faɗi inda za ta sauka, ko gidanka ko gidan ubanta. Ta ce: "Umma, Usman ba ya zagi, ba ya duka, ba ya hana ni komai. Amma a gidansa ni kamar alhajiya ce a cikin bas. A ce hau in hau, a ce sauka in sauka." Da Ummanka ta maimaita mini, sai ta tsura mini ido. Na gane.

Sai kuma na buɗe takarda ta biyu da ka saka a ambulan, wai in duba maka ko tsarin ya yi. Kai, Usman! Jadawali har da layi da jan biro! Ƙarfe bakwai karin kumallo, bakwai da rabi fita, takwas da kwata tsohuwar fadar garin, minti arba'in. Sha ɗaya kasuwa, minti talatin. Na karanta wa Ummanka, ta yi dariya har shinkafar ta zube. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gaskiyarta. Shekara talatin da wani abu ina aikin muzawwir, ina jan alhazai ziyara daga Ƙuba zuwa Uhudu zuwa Ƙiblataini, in ƙirga kawunansu a ƙofar bas, in raka su Bi'ir Ali su ɗaura harami. A bayana ka tashi kana jin "Yalla ya haji, yalla!" Aikin ya ciyar da ku, alhamdu lillahi. Laifina shi ne ban taɓa barinsa a ƙofar gida ba, kai kuma ka ɗauka haka ake zama da mutane.

Ban taɓa zuwa Japan ba, kada ka ce na cika baki. Amma jiya na je shagon maƙwabcinmu Alhaji Ɗahiru mai yadi, wanda ke zuwa Osakar nan duk shekara saro farin yadin riguna. Na sha shayinsa finjali huɗu, na tatse shi tas. Abin da ya shafi garin daga bakinsa ne. Abin da ya shafi tafiya da mace cikin sanyi kuwa daga kaina ne, don na taɓa yi, kuma na ɓata ta tun daga farko har kusan ƙarshe.

Kafin a haife ka, muna da yayyenka biyu, wani alhaji Bashame da na yi wa hidima ya gayyace mu Dimashƙa, babban birnin Sham. Ya ce yana da ɗaki, mu zo mu huta kwana huɗu. Muka bar yara wurin kakarka muka hau mota, tsakiyar hunturu. Ummanka ba ta taɓa fita hutu ba a rayuwarta. Tun muna hanya na zaro takarda na rubuta masallatai da kaburburan bayin Allah goma sha tara da za mu ziyarta. Ban tambaye ta ko akwai abin da take son gani ba. Ba wai na ƙi ba ne, tunanin ne bai zo mini ba sam. Alhaji ai ba a tambayarsa, kai shi ake yi. To kai ma na duba jadawalinka sama da ƙasa ban ga inda Safiya ta sa baki ba. Ka yaga shi. In hannunka ya kasa, ka zaɓi wuri ɗaya a kowace rana, ɗaya tak, sauran yinin ka miƙa mata. Alhaji Ɗahiru ya ce rana tana faɗuwa can kafin ƙarfe biyar a wannan lokaci, yinin gajere ne kamar wandon yaro. Wuri shida da ka cusa a rana guda, ko da bas da direba ba za ka gama su ba.

Kuskurena na biyu sutura ce. Na ce ai mu mutanen Madina mun san sanyi, wane sanyi ne zai ba mu tsoro? Ni na saka farwata, babbar rigar nan mai gashin tumaki a ciki, na naɗe kai da rawani. Ummanka kuwa mayafi biyu da silifa da safar bakin kasuwa. Ranar da muka isa dusar ƙanƙara ta sauka. Ina gaba ina tafiya ina gumi, ina cewa ai sanyin ma da sauƙi. Sai da muka koma masauki ta cire safa na ga yatsunta sun yi fari fat, ta kasa lanƙwasa su. Na ce me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce: "Malam, ƙeyarka zan faɗa wa?" Don haka kafin ka saya wa kanka ko hula, ka kai Safiya kasuwa ta zaɓi kwat mai kauri da safar hannu da takalmi rufaffe. Ita za ta zaɓa, kai riƙe jaka ne naka. Alhaji Ɗahiru ya ce ƙanƙara ba ta cika kwanciya a Osaka ba, amma iskar da ke tasowa daga teku tana ratsa ƙashi. Ya ce kuma takalmin ya zama mai sauƙin cirewa, don mutanen suna tuɓe takalmi a ƙofar gida da wasu gidajen abinci kamar yadda muke yi a masallaci. Ka duba safarka da kyau. Shi Alhajin, zuwansa na farko, ya cire takalmi gaban manyan masu masaƙa sai ga babban yatsa ya leƙo yana gaishe su. Ya ce haka ya yi cinikin yana zaune a kan ƙafar.

Sai abinci. Nan ma na yi abin kunya. Na ce ban yarda da girkin baƙin wuri ba, na ɗauki dabino da garin kuka da daddawa da yaji da ƙaramin risho. Matar da na ce na kawo hutu, sai ga ta durƙushe a ɗakin mutane tana tuƙa tuwo da hannun da sanyi ya kama, ƙamshin gasasshen nama yana shigowa ta taga. Kwana uku ta yi tana girki a Dimashƙa kamar tana Harra. Kai fa na ji Ummanka tana shirin haɗa muku ƙullin yaji da kuɓewa busasshiya. Yajin ka karɓa, kuɓewar ka bar mana. Can dai dole a yi hattara, don Alhaji Ɗahiru ya ce alade da giya suna shiga romo da miya ba tare da ka gan su ba. Dabararsa ita ce ya sa wani a kamfanin da yake hulɗa da su ya rubuta masa a ɗan kati da rubutunsu cewa shi ba ya cin alade, ba ya shan giya, ba a sa masa su a girki. Ka sa a rubuta maka biyu, ɗaya a aljihunka ɗaya a jakar Safiya. Ya ce kifi gasasshe da farar shinkafa ba sa ƙarewa, ga ƙwai, ga lemo mai zaƙi na lokacin sanyi, ga dankali gasasshe da ake turawa a amalanke yana tururi. In ta ga abu ta ce tana son ɗanɗanawa, ku nuna katin, in an ce babu komai ku ci. In bai yi daɗi ba ku yi dariya ku nemi wani.

Maganar salla ba sai na tsawaita ba, ka sani ku matafiya ne, Allah Ya yi muku sauƙi. Abu ɗaya dai, kada ka tsaya ka fuskanci kudu don ka saba da Madina. Ka tuna dattijon nan Bakano da ya rantse mini a masauki cewa shi tun da aka haife shi gabas yake kallo, ba wani yaron Madina da zai juya shi? Sai da na kai shi Harami ya ga sahu da idonsa. A Osaka alƙibla tana wajen faɗuwar rana, ka karkata dama sosai. Ka sayi ɗan kamfas a kasuwar Jidda. An ce akwai tsohon masallaci a Kobe, garin da ke kusa, jirgin ƙasa yana kaiwa ba da jimawa ba. In Juma'a ta riske ku, ka tambaye ta ko tana so ku je. Ka ji abin da na ce, ka tambaye ta.

Yanzu ga wanda ya fi ba Ummanka dariya har yau. Ka san muzawwir ba ya cewa "ban sani ba". In alhaji ya nuna dutse ya ce wannan fa, dole ka samo masa magana. A Madina na san abin da nake faɗa, na koya a gaban malamai. A Dimashƙa kuwa ban san komai ba, amma bakin ya riga ya saba. Muka zo wani tsohon gini mai ƙubba, na gyara murya na ce wannan makwancin wani babban waliyyi ne, mu ɗaga hannu. Na fara addu'a da ƙarfi, Ummanka tana amin. Muna cikin haka sai ƙofa ta buɗe, wani ƙato ya fito jiƙe da tawul a wuya yana tururi. Ashe gidan wanka ne! Ummanka ta dube shi ta dube ni ta ce: "Malam, waliyyin ya tashi." Na yi fushi yini guda, ita kuwa ta riƙa toshe baki da mayafi. Da na taya ta dariya a lokacin, da mun ci ribar ranar. Kai da za ka je inda ko rubutun allon titi ba ka iya karantawa, ka koya wa bakinka "ban sani ba" tun daga Jidda. Ka faɗe ta gaban matarka, ba abin da zai ragu a jikinka. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ka rage murya. Alhaji Ɗahiru ya ce jirginsu na ƙarƙashin ƙasa yana cika maƙil amma tsit kake ji kamar ana jiran huɗuba. In ka saki muryar nan tamu ta gado ka ce "Yalla ya Safiya!", sai su ɗauka gobara ce.

A rana ta uku na ɓatar da Ummanka. Ni da nake ƙirga kai arba'in a ƙofar bas ban taɓa rasa ɗaya ba, aka ba ni kai ɗaya na rasa shi. Muna cikin babbar kasuwarsu mai rufi, ina gaba kamar kullum, lema a sama don a hango ni, ina bayani ina nuna dama da hagu. Sai da na kai ƙofar masallaci na juya, na tarar wata tsohuwa Bashamiya ce take bina tana kallona kamar mahaukaci. Usman, Ummanka ba ta san sunan unguwar da muka sauka ba, don ban taɓa gaya mata ba. Na koma da gudu ina leƙa kowane lungu, rawani ya warware. Na same ta zaune a benci gaban mai sayar da wani kunun madara mai zafi da suke kira sahlab, kofi a hannu, tana kallon ƙanƙara tana sauka ta wata ɓula a rufin. Na fara faɗa. Ta ce: "Na kira ka sau uku. Da na ga kana ta hira da wadda ke bayanka, na ce bari in bar ku." Alhaji Ɗahiru ya ce tashoshin Osaka gari ne guda a ƙarƙashin ƙasa, ƙofofi ba iyaka, mutane kamar fitowa daga sallar Idi. Ka karɓi katin otel ɗinku ka ba ta, ta san sunan tasharku da bakinta, ta riƙe kuɗin tasi a jakarta. Ka yi tafiya a gefenta. In ta tsaya kallon wani abu a tagar shago, ka tsaya, kada ka duba agogo.

Tsaraba kuma, na san an fara kawo maka saƙo. Ƙanwarka tana son rediyo mai kaset, kawunka agogo, Ummanka ma na ji tana zancen wata tukunya mai dafa shinkafa da kanta. Ga ta nan tana hararata, ta ce in goge. Ba zan goge ba. Ni da yammacin ranar da na ɓatar da ita, maimakon in rarrashe ta, janta na yi shago shago ina saya wa mutanen unguwa sabulu da alawa, ita ko ɗankunne ban saya mata ba. Ka ce wa kowa ni na hana. Duk abin da suke so yana nan a kasuwar Jidda, daga Japan ɗin aka kawo shi.

Na ajiye alƙalami a nan na karanta wa Ummanka abin da na rubuta, don ta ce ba za a rufe ambulan ba sai ta ji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: "Ka bar rana ta huɗu." Na ce ai ba abin da ya faru rana ta huɗu, ranar ce ta lalace. Abin da na sani shi ne da safe na fito da takardata, saura wuri bakwai, na taka ƙanƙara a bakin ƙofa, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas, ƙafa ta gurɗe. Ziyara ta ƙare. Ummanka ta kama ni muka lallaɓa zuwa wani ɗan shagon shayi a kan kwana, muka zauna kusa da murhu. Don takaici na ce mata, to yau ni ba ni da inda zan kai ki, ke me kike so? Ta ce tana so mu zauna nan. Muka zauna har la'asar. Ta ba ni labarin garinsu da na tafiyarsu a ƙasa ta Sudan tana yarinya, abubuwan da ban taɓa ji ba ina aure da ita shekara shida. Ni dai abin da na riƙe a raina shekarun nan duka shi ne wuri bakwai sun tsere mini.

Sai ta ture tiren shinkafar gefe ta ce: "Malam, rubuta masa wannan. Daren da ka ɓatar da ni na gama shawara. Na ce muna komawa Madina zan kwashi 'ya'yana in tafi wurin yayana a Makka, in aiko a karɓo mini takardata. Har na ware kayana a cikin akwati. Tambayar nan da ka yi mini a shagon shayi ita ta sa na mayar da su."

Usman, shekara ashirin da takwas ke nan, sai yau na ji wannan magana. Na ce mata haba, Rabi, da gaske? Ta ce: "Ka lissafa shekarun Usman mana." Na lissafa. Bayan dawowarmu da wata goma aka haife ka.

Ina ta dariya a takardar nan tun daga sama, amma yanzu tsoro ne ya kama ni, na abin da ya wuce da na abin da ke gabanka. Ni Allah Ya ji ƙaina Ya kayar da ni a kan ƙanƙara, ba wayona ba ne. Kai kuwa an ce ƙanƙarar Osaka ba ta kwanciya, babu abin da zai kayar da kai. Sai dai ka zauna da kanka, tun ranar farko, ka tambayi yarinyar nan abin da take so, ka rufe baki har ta gama.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Ya tsare ku daga sharrin hanya da na sanyi da na baƙon wuri, Ya sa albarka a fitarku da shigarku. Na ba Allah ajiyar addininku da amanarku. Ranar da za ku tashi, ni da Ummanka za mu yi muku addu'a a Harami bayan sallar Azahar. In kun sauka Jidda ka bugo waya shagon Alhaji Ɗahiru a kira ni. Ba labarin Japan nake jira ba, ina so in ji mota nawa kuka hau daga filin jirgi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isa